Filin Masu Hoto: A Sayi Ta Hannu Ko A Jira Sabuwa?

 A wannan wata za mu taɓo wata magana wadda ta daɗe tana yawo a majalisun masu hoto, tun daga unguwar Briqueterie ta Yawunde har zuwa Ngaundare da Garwa da Marwa, wato maganar sayen kyamara. Wasu suna cewa kada wanda ya kuskura ya zuba kuɗinsa a kyamara mai madubi domin zamaninta ya wuce. Wasu suna cewa a dakata tukuna, wai akwai sabuwa tafe wadda za ta karya farashin duk na kasuwa. Wasu kuma sun yanke ƙauna gaba ɗaya, sun ce wayar hannu ta riga ta binne sana'ar.

Abin da ya sa muka ga ya wajaba mu sa baki shi ne, kuɗin da ake magana a kansu ba ƙanana ba ne. Akwai samarinmu da ke sayar da babur, akwai masu kwashe adashin shekara guda, akwai ma masu cin bashi a wurin iyayen gidansu na kasuwa, duk domin su mallaki kayan aiki. Wanda ya yi kuskuren saye a irin wannan hali, ba shi kaɗai zai ji a jikinsa ba, har da iyalinsa.

Bari mu ɗan waiwaya baya, domin wanda bai san inda aka fito ba da wuya ya gane inda aka dosa. A shekarar 1975 ne wani injiniyan kamfanin Kodak na Amurka mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamara ta farko da ba ta buƙatar fim. Nauyinta kilo 3.6, hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo 10,000 kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto ɗaya a kan kaset. A 1991 Kodak ya fitar da wadda aka fara sayar wa 'yan jarida, an gina ta a jikin Nikon F3, kuma sai mutum ya rataya wani akwati dabam a kafaɗa inda hotunan ke taruwa. Kuɗinta ya haura dala 10,000. A 1999 Nikon ya kawo D1 a kan wajen dala 5,500. A 2003 kuma Canon ya fitar da EOS 300D tare da gilashinta a kan dala 999, wadda ita ce ta buɗe wa talakan mai hoto ƙofa.

Wannan tarihi shi ne ya koya wa mutanenmu cewa mai haƙuri yakan sayi kyamara da araha, kuma a wancan lokaci gaskiya ne. To amma kasuwar ta juya. Ƙungiyar kamfanonin kyamara ta Japan, wato CIPA, ta ƙidaya kyamarori kimanin miliyan 121 da aka fitar a shekarar 2010. A 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba. Wayar hannu ce ta cinye kasuwar ƙananan kyamarori na aljihu. Kodak ya durƙushe a 2012. Samsung ya janye hannunsa bayan 2015. Olympus ya sayar da sashensa na kyamara, cinikin da aka kammala a farkon 2021. Waɗanda suka rage sai suka gane cewa tun da masu saye sun ragu, dole ribar ta fito daga tsadar kowace guda.

Ga misalai a fili. Canon ya fitar da 5D Mark IV a 2016 a kan dala 3,499, wadda ta gaje ta wato R5 ta zo a 2020 a kan dala 3,899, sannan R5 Mark II ta zo a 2024 a kan dala 4,299. Sony A7 III ta fito a 2018 a kan dala 1,999, ƙanwarta A7 IV ta fito a 2021 a kan dala 2,499. Fujifilm X100V ta 2020 dala 1,399 ce, X100VI ta 2024 kuwa dala 1,599, kuma duk da haka sai da masu saye suka yi watanni suna layi. Saboda haka duk wanda ya ce maka ka jira sabuwa domin za ta fi sauƙin kuɗi, da lissafin shekarar 2003 yake maka magana. Abin da sabuwa kan yi shi ne ta sa masu hali su saki tsofaffinsu a kasuwar na hannu, kuma a nan ne rabonmu yake.

Yanzu sai batun madubi. Kyamarar da muka saba da ita tana da ɗan madubi a ciki wanda ke tura haske sama zuwa inda mai hoto ke leƙawa. Idan aka danna, madubin ya ɗaga, murfin ƙyaftawa ya buɗe, haske ya faɗa kan farantin da ke karɓarsa, wato sensa. Marar madubi kuwa an cire madubin, hasken yana faɗawa kan farantin kai tsaye, abin da ido ke gani kuma wani ɗan ƙaramin talabijin ne a cikin maleƙa. Panasonic ne ya fara wannan tsari a 2008 da Lumix G1, Sony ya kawo shi ga babban faranti a 2013 da A7, sannan Canon da Nikon suka biyo baya a 2018.

Masu cewa zamanin madubi ya wuce suna da hujja. Sababbin masu madubi na ƙarshe da Nikon ya fitar su ne D780 da D6 a 2020, na Canon kuma 1D X Mark III da 850D a wannan shekarar dai. A ƙarshen 2021 shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya faɗa wa wata jaridar Japan cewa 1D X Mark III ita ce babbar mai madubi ta ƙarshe da kamfanin zai ƙera. To amma daina ƙera abu dabam, mutuwarsa dabam. Bakin kyamara irin na Nikon F tun 1959 yake, na Canon EF kuma tun 1987, gilasan da aka ƙera musu miliyoyi ne, kuma masu gyaranmu sun san cikinsu. Kyamarar da ta ɗauki hoton biki mai kyau a 2015 ba ta mance yadda ake yi ba don kawai an fitar da wata. Da tsohuwar zuma ake magani.

Inda muke jan kunne shi ne tsarin da aka yashe tun bai yi jijiya ba. Nikon 1 ya fito a 2011, aka rufe shi a 2018. Canon EOS M ya fito a 2012, aka daina shi a 2023, kuma gilasansa ba sa hawa kan sababbin kyamarorin Canon masu bakin RF. Haka Samsung NX. Irin waɗannan sukan shigo kasuwanninmu tsaf a cikin kwali da farashi mai daɗi, amma ranar da gilashi ya fashe ko batir ya mutu, a nan mai ita zai san cewa araha ba ta ado.

Wani abin da ke ruɗin masu saye shi ne yawan ɗigo, wanda dillalai ke kira megafiksel. Mai shago zai ce maka wannan 24 ce, waccan 45 ce, don haka waccan ta ninka wannan kyau. Mu yi lissafi. Hoton da ake wankewa mai kyau yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci. Katin da muka fi wankewa, mai santimita 10 da 15, ɗigo miliyan 2 da 'yan kai ya ishe shi. Mai santimita 20 da 30 wanda ake sa wa firam a rataya a falo bai kai miliyan 9 ba. Mafi yawan hotunan bikinmu ma ba a wanke su, ta WhatsApp ake tura su, shi kuwa yana matse su ne kafin su isa. Wanda ke da miliyan 20 ko 24 ya wadatu. Abin da miliyan 45 za ta ƙara masa shi ne saurin cikar kati da nauyin aiki a kan kwamfuta.

Abin da ya fi yawan ɗigo tasiri shi ne girman farantin da kuma kyan gilashi. Babban faranti milimita 36 ne da 24, daidai da fim ɗin da iyayenmu suka yi aiki da shi. Matsakaicin da ake kira APS-C bai kai rabin wannan fili ba. Wayar hannu kuwa nata ya fi haka ƙanƙanta nesa. Faranti mai faɗi ya fi tara haske, shi ya sa a ɗakin amarya da daddare, ko a zauren ɗaurin aure mai ƙwan fitila ɗaya, kyamara ta gaske take barin waya a baya. Game da gilashi, muna ganin kuskure ne mutum ya ƙarar da kuɗinsa a kan gangar jiki ya bar ta da ɗan gilashin da aka haɗo ta da shi. Gilashin Canon mai milimita 50 da buɗewar f/1.8, wanda ya fito a 2015 a kan dala 125, yana shigar da haske ninkin-ba-ninkin na wancan, kuma Nikon ma yana da irinsa. Gangar jiki takan tsufa cikin 'yan shekaru, gilashi mai kyau kuwa har ɗa ya gada.

Sai kuma halin ƙasarmu, wanda masu rubuta yabon kyamara a Turai da Japan ba sa la'akari da shi. Na farko wuta. A ma'aunin CIPA, batir ɗaya na Nikon D750 yana ɗaukar hoto 1,230, na Nikon Z6 marar madubi kuwa 310, domin talabijin ɗin cikinta kullum yana shan wuta. A aikace yakan wuce haka, amma tazarar tana nan. Wanda aka gayyata biki a ƙauyen da babu lantarki ya san ma'anar wannan. Na biyu ƙura. A lokacin hunturu, da zarar an cire gilashin yawancin marasa madubi, farantin yana nan tsirara, ƙurar da ta sauka a kansa kuma za ta fito baƙi-baƙi a kowane hoto. Na uku zafi. Littattafan yawancin kyamarori sun ce an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40, alhali Garwa da Marwa sukan haura 40 a watan Afrilu. Ko a ƙasashen sanyi, R5 ta sha suka a 2020 saboda tana zafi ta tsaya idan ana ɗaukar bidiyo mai nauyi. Na huɗu laima. 'Yan uwanmu na Duwala su kula, gilashin da aka kulle a jaka duk damina yakan yi fumfuna a ciki, kuma idan ta ci ta zauna ba ta fita.

Mu zo kan kuɗi. Tun 1999 Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Ke nan kyamarar Yuro 2,000 ta kama sefa miliyan 1 da dubu 312, kafin a yi maganar kuɗin jirgi da na duwan da harajin TVA na kashi 19.25 cikin 100. A ƙaddara mai hoto yana tsira da ribar sefa 50,000 a kowane biki bayan ya cire mota da wanki da yaron da ke riƙe masa fitila. Sai ya yi biki 27 kafin ya mayar da kuɗin gangar jiki kaɗai, bai sayi gilashi ba, bai ci ba, bai sha ba. Kowa ya ɗora nasa lissafin a kan wannan ma'auni, ya kuma tuna cewa bukukuwa suna da lokacinsu, akwai watannin da kyamara ke kwana a jaka. Dattawan sana'ar ba su mance watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo. Ba su kuma mance ƙarshen shekarun 1990 ba, lokacin da sabon katin ɗan ƙasa ya raba ɗakunan hoto da yawa da cinikin da suka dogara da shi. Darasin da suka ɗauka shi ne kada a ci bashi mai nauyi a kan sana'ar da doka ɗaya ko na'ura ɗaya ke iya juya ta cikin dare.

To, mene ne ra'ayinmu? Ga wanda aikinsa hoto ne zalla, na suna da aure da hawan Sallah da saukar karatu, muna ganin babu abin da ya kai mai madubi ta hannu riba. Canon 5D Mark III ta 2012 da Nikon D750 ta 2014 duk manyan faranti gare su, an fara sayar da su a kan dala 3,499 da 2,299, ta hannu kuwa ana samunsu ƙasa da rabin haka. Dukansu suna cin kati biyu a lokaci ɗaya, wanda a wurinmu ya fi kowane ƙyale-ƙyale muhimmanci. Kati yakan lalace ba tare da sallama ba, ɗaurin aure kuma ba a maimaita shi. Mai hoton da ya je gaban uban amarya ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, katin ya ƙi buɗewa," ya rasa wannan gida da duk danginsa. A lura cewa Canon 6D da EOS R ta farko da Nikon Z6 ta farko kati ɗaya kawai suke ci.

Ga wanda rabin aikinsa bidiyo ne kuwa, maganar ta sha bamban. Yawancin tsofaffin masu madubi ba su iya bin fuska da kyau ba idan ana ɗaukar bidiyo, sai dai na Canon daga 70D ta 2013 zuwa sama, waɗanda aka sa wa sabon tsarin saiti. Irin wannan mutum gara ya daure ya tara ya sayi marar madubi, ko da ta hannu ce, kamar Sony A7 III ko Canon R6 ko Nikon Z6 II, waɗanda duk suke kama fuskar mutum su riƙe, suke kuma cin kati biyu. Wanda ya riga ya tara gilasan Canon ko na Nikon kada ya zubar da su, akwai adafta da ke ɗora su a kan sabbin. Sai dai adaftar Nikon ba ta juya tsofaffin gilasan nan na AF-D, da hannu za a riƙa saita su. Sony kuma yana da wata fa'ida, ya daɗe da buɗe ƙofa ga kamfanoni irin su Sigma da Tamron su ƙera masa gilasai masu sauƙin kuɗi, abin da Canon bai yarda da shi ba sai a 2024, shi ma ya fara ne da na matsakaicin faranti.

Wanda zai sayi ta hannu kada ya yi sayen kura da kallabi. Ya nemi a nuna masa adadin ƙyaftawar da ta yi, domin 5D Mark III da D750 an auna murfinsu ne a kan ƙyaftawa 150,000, wadda ta doshi haka kuwa dole a rage mata kuɗi. Ya ɗauki hoton farin bango ko sararin sama da gilashi a tsuke, ya duba ko akwai tabo. Ya haska tocila a cikin gilashin ya nemi fumfuna. Ya gwada kowane maɓalli da kowane ramin kati. Ya guji katin da arahar sa ta yi yawa, domin jabu sun cika kasuwa, a rubuta babban adadi a jiki alhali cikin bai kai ba. Wanda kuma zai aika ɗan uwa ya sayo masa daga Faransa ko Dubai, ya rubuta masa sunan da lambar daidai, ya kuma sa a haɗo masa da batir na biyu na asali.

Game da abin da ke tafe, ba sai an bi jita-jita ba, alamun suna nan a abin da aka riga aka fitar. Nikon Z9 ta 2021 ba ta da murfin ƙyaftawa na ƙarfe sam. Sony A9 III ta 2023 tana karanta farantinta duka a lokaci guda, ta yadda abu mai gudu ba ya lanƙwashewa a hoto. Leica M11-P ta 2023 tana sa wa kowane hoto hatimin da ke shaida asalinsa, saboda yawaitar hotunan ƙarya na kwamfuta. A 2024 Nikon ya sayi kamfanin RED mai ƙera kyamarorin fim, wanda ke nuna cewa hankalin kamfanonin ya karkata ga bidiyo. Hasashenmu shi ne waɗannan abubuwa za su gangaro zuwa masu matsakaicin kuɗi sannu a hankali, farashin sababbi ba zai sauko ba, kayan gyaran masu madubi kuma za su riƙa wuya shekara bayan shekara. Don haka mai madubi a saye ta a yi aiki da ita ta biya kanta, kada a saye ta da niyyar sayarwa da riba nan gaba. Duk watan Fabrairu ana baje kolin CP+ a Yokohama ta Japan, kuma kowace shekara akwai sabuwa. Mai jiran ta ƙarshe zai tsufa bai ɗauki hoto ba.

Akwai abu guda da muke roƙon kowa ya sa a lissafinsa tun ranar saye, wato wurin ajiya. Wani mai hoto na garin Mbouda, Jacques Toussele, ya tara dubban nagatif waɗanda daga baya aka kwafe su da taimakon Laburaren Birtaniya, yau masana suna nazarin rayuwar mutanen yankin da su. Nagatif ɗin sun rayu ne don abu ne da ake riƙewa a hannu. Mu da muke aiki da kati, hotunan limamanmu da sarakunan Hausawa da makarantun allonmu suna kan kwamfutar da ke iya mutuwa gobe. Kafin a ƙara gilashi na uku, a sayi faifan ajiya biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida, a kuma wanke muhimman hotuna a kan takarda.

Nan za mu dakata. A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu duba batun fitilar hoto da yadda ake haska baƙar fata cikin farar babbar riga ba tare da fuska ta duhunce ko rigar ta ƙone ba. Masu tambaya ko ƙorafi su aiko ta ofishin wannan mujalla kamar yadda aka saba. Allah Ya sa wa sana'a albarka, Ya kuma tsare mu da asara. Wassalam.